Yadda Ake Ƙera Jarumi a Kan Takarda

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai





Na san da yawa daga cikinmu sun yi murmushi da suka ga kan wannan jawabi a takardar gayyata, domin ba a saba ganin mutum mai furfura ya tsaya gaban malamansa yana maganar wasa ba. To, ina roƙon a yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Wasan da zan yi bayani a kansa yana da lissafi a ciki, yana da tarihi, yana kuma da tarbiyya, sa'an nan a ƙarshe akwai wata alfarma da zan nema daga wannan ƙungiya saboda ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke zaune a azuzuwan da muka bari.

Asalin wasan

Sunan wasan Dungeons & Dragons, kuma na koye shi ne lokacin da na je ƙaro ilimi a Amurka. Tushensa yana komawa ga sojojin Furushiya, ɗaya daga cikin daulolin Jamusawa. A shekarar 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar wa manyansa wani wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, inda ɓangarori biyu ke ba da umarni, alƙali kuma yana yanke abin da ya faru. Rundunar ta karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa dokokin irin wannan wasa don farar hula, ana yi da 'yan sojojin dalma.

A duk waɗannan, mutum runduna guda yake juyawa. Canjin ya zo ne daga wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin, da Dave Arneson na jihar Minnesota. Suka ce, me zai hana kowane ɗan wasa ya riƙe mutum ɗaya tak, ya ba shi suna da hali, ya bi shi daga wannan tafiya zuwa waccan? A 1974 suka fitar da wasan a cikin 'yan littattafai uku a kwali ɗaya, bugun farko kwafi 1,000. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi kamfanin da ke buga shi a 1997, bugu na biyar ya fito a 2014, aka kuma sabunta shi a 2024.

Yadda ake yin sa ba wuya. Mutum huɗu ko biyar za su zauna a kewaye da tebur, kowa da takarda da fensir. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai jan labari. Shi zai ce, alal misali, kun iso bakin kogi da magariba, gada ta karye, kuna kuma jin ƙarar kofatan dawaki a bayanku, me za ku yi? Kowa sai ya faɗi abin da gwarzonsa zai yi. Idan abin yana da hatsari, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambobin da ke takardar gwarzon, a ga ko ya yi nasara. Tatsuniya ce, sai dai masu sauraro su ne taurarinta, kuma ko mai jan labarin bai san inda za ta ƙare ba.

A bugun 1974 rukunin gwaraza uku ne kawai: mayaƙi, da mai sihiri, da malamin addini. Yau sun kai goma sha biyu a babban littafin, amma mayaƙi yana nan daram, kuma shi ake ba sabon shiga. Ana cewa shi ya fi sauƙi. Ni kuwa a ganina shi ya fi saurin tona asirin mai ƙera shi, domin ba shi da siddabarun da zai ɓuya a bayansa. Bari mu ƙera ɗaya tare a nan, mu kira shi Barde.

Lambobi shida

Kowane gwarzo yana da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hankali, da kwarjini. Kowace siffa tana da maki, kuma 10 shi ne na mutum madaidaici. A dokokin farko, ana jefa ɗan lido mai fuska 6 guda uku a tara, a rubuta bi da bi, abin da ka samu shi ne rabonka. Mafi girma 18, kuma malamanmu na lissafi za su tabbatar cewa sau 1 cikin 216 kawai yake fitowa. A yau akwai hanyar da ta fi adalci ga sababbi: a ba kowa lambobi iri ɗaya, watau 15, 14, 13, 12, 10 da 8, ya raba su yadda ya ga dama.

Ku lura da 8 ɗin nan. Dole ne ta sauka a wani wuri. Ba yadda za a yi ka ƙera mutumin da ba shi da rauni, iyaka ka zaɓi inda rauninsa zai kasance. Barde za mu ba shi ƙarfi 15, juriya 14, hankali 13, kwarjini 12, kaifin ƙwaƙwalwa 10, zafin nama 8. Ga shi nan ya fara fitowa: ƙaƙƙarfan mutum mai lura, wanda ake jin maganarsa, amma mai nauyin jiki. Idan aka yi ba-zata, sau da yawa kowa zai riga shi motsawa. Idan ana son a lallaɓa cikin dare, shi ne zai tuntuɓe da tukunya.

Dokokin 2024 sun ƙara wa gwarzo maki 3 bisa ga sana'ar da ya taso a ciki. Tun da Barde soja ne, sai mu sa 2 a ƙarfi ya zama 17, mu sa 1 a juriya ta zama 15. Daga kowane maki ake fitar da ƙarin da za a riƙa haɗawa da jifa: a cire 10, a raba biyu, a yar da guntu. Ke nan 17 ta ba da ƙarin 3, 15 ta ba da ƙarin 2, ita kuwa 8 ragin 1 take jawowa. Mayaƙi yana farawa da makin rai 10, a haɗa da ƙarin juriyarsa, Barde ya tashi da 12. Idan sara ya cinye su, ya faɗi.

Yanzu ga aikin aji. Barde ya kai sara. Yana da ƙarin 3 na ƙarfi da ƙarin 2 na horo, jimla 5. Abokin gabarsa yana da lambar kariya 15. Ke nan Barde yana bukatar 10 ko sama da haka a jifa. Lambobi nawa ne daga 10 zuwa 20? Goma sha ɗaya. Watau 11 cikin 20, ko kashi 55 cikin ɗari. Na ga yaron da ke gudun darasin yiwuwa kamar an ce masa ga allura, amma a teburin nan ya yi wannan lissafi da ka, kafin a miƙa masa fensir, saboda ran gwarzonsa ne a kai.

Makami da sulke

Bayan lambobi sai kayan yaƙi, kuma a nan ne mai ƙira yake fara amsa babbar tambaya ba tare da ya sani ba. Sulken ƙarfe yana ba da kariya 16, yana bukatar ƙarfi 13, nauyinsa kusan kilo 25, kuma yana ƙara idan ana tafiya. Garkuwa tana ƙara 2, ya zama 18. Amma garkuwa tana cin hannu ɗaya, don haka sai takobin hannu ɗaya, wanda ke cire maki 7 da rabi a matsakaici a hannun Barde. Idan ya ajiye garkuwa ya ɗauki babban takobi na hannu biyu, zai riƙa cire 10 a matsakaici.

Mu juya mu duba ta ɗaya gefen. Abokin gaba mai ƙarin 4 zai sami Barde sau 45 cikin ɗari idan ba garkuwa, sau 35 idan da ita. To, wanne ya fi? Lissafi ba zai ba da amsa shi kaɗai ba, sai an san abin da Barde ya zo yi a fagen. In ya zo ne don ya kayar da mutane da yawa a yi masa kirari, ga babban takobi. In kuwa ya zo ne don waɗanda ke bayansa su koma gida, ga garkuwa.

Dokoki sun ba mayaƙi zaɓin salon faɗa tun daga matakin farko. Akwai salon harbi, mai ƙara 2 ga saitin kibiya. Akwai salon kare kai, mai ƙara 1 ga kariya. Akwai kuma wanda nake so mu ba Barde, salon kare wani. Idan aka kai wa abokin tafiyarsa hari a kusa da shi, cikin ƙafa 5, sai ya sa garkuwarsa, dole maharin ya yi jifa biyu ya ɗauki mafi ƙanƙanta. Abokin da ba shi da sulke, mai kariya 12, ana samun sa sau 65 cikin ɗari. Idan Barde na gefensa, abin yana sauka zuwa kusan 42. Wannan abokin kuwa, wataƙila makin ransa bai wuce 7 ko 8 ba, sara biyu sun isa su gama da shi. Ga aikin mayaƙi nan a fili cikin lambobi: shi ne bangon da masu rauni ke jingina a kai har su yi nasu aikin.

Sauran abubuwan suna zuwa da sannu. A matakin farko yana iya jan numfashi a tsakiyar faɗa ya maido da wasu makin rai. A mataki na 2 yana iya ninka aikinsa a zagaye ɗaya, sai kuma ya huta kafin ya sake. A na 5 yana kai sara biyu maimakon ɗaya, a na 11 uku, a na 20 huɗu, kuma nan ne ƙarshen tsani. Ba a fara wasan da gwarzon da ya gagara. Ana farawa da wanda kura biyu za su iya ba shi wahala, ya girma a gaban idon abokansa. Waɗanda suka karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a aji za su tuna cewa shi ma ba da ƙarfi ya fara ba, kuma da ya fara da shi, da labarin bai kama mu ba.

Abin da lamba ba ta faɗa

Zuwa nan muna da takarda cike da lambobi, amma ba mu da mutum tukuna. Bugun 2014 ya bukaci ɗan wasa ya rubuta abubuwa huɗu: ɗabi'ar gwarzonsa, aƙidar da yake bi, abin da zuciyarsa ke ɗaure da shi, da kuma aibinsa. Ni nakan mayar da su tambayoyi uku idan ina koya wa yara. Wa ya koya masa yaƙi? Me yake tsaro? Me yake tsoro?

Bari mu amsa wa Barde. Ɗan maƙeri ne, ya taso yana zuga, shi ya sa damatsansa suka cika. Wani tsohon dakare da ke kawo takobi gyara shi ya koya masa riƙon garkuwa. Da ya girma aka sa shi tsaron ƙofar birni. Wata rana da almuru aka ba da umarni a rufe ƙofa saboda an ji labarin mahara. Barde ya hango ayari yana tahowa da gudu, ya kuma san ƙanensa na ciki. Ya bi umarni, ya rufe. Da gari ya waye, ba ayari, ba ƙane. Daga ranar ya ajiye aikin ƙofa ya shiga duniya neman ƙanensa.

Yanzu duba yadda komai ya zauna. Aƙidarsa: ba za a ƙara barin kowa a bayan ƙofa ba muddin yana numfashi. Ɗaurin zuciyarsa: ƙanensa. Aibinsa: ba ya iya bin umarnin ja da baya, ko da umarnin daidai ne. Garkuwar da muka zaɓa ɗazu da lissafi, yanzu tana da dalili. Nauyin jikinsa ma ya dace da mutumin da ya saba tsayawa wuri ɗaya.

Aibin nan shi ne gishirin miya. Mu koma bakin kogin da na ambata. Mahara sun yi yawa, shugaban tafiya ya ce kowa ya faɗa ruwa ya haye. Amma mai maganinsu ya faɗi da kibiya a cinya, taku goma a baya. Lissafi ya ce Barde ya tafi, domin da makin rai 12 ba zai daɗe ba. Takardarsa kuwa ta ce wannan mutum ba ya barin kowa a bayan ƙofa. Yaron da ke riƙe da Barde dole ya yanke shawara, abokansa na kallonsa, kuma in Barde ya mutu, ya mutu ke nan, sai a ƙera wani. Na sha ganin tebur ya yi tsit a irin wannan wuri. Na ga yaro ya ce zai tsaya, sai sauran, waɗanda suka riga suka shiga ruwa, suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi musu wa'azi a kan zumunci, su da kansu suka gano shi.

Akwai kuma wani ɗan yayana da ya matsa sai an bar shi ya rubuta 18 a duk siffofi shida. Muka bar shi. Bai yi zama uku ba ya ce wasan ba daɗi, domin ba ya bukatar kowa, ba kuma wanda ke bukatar ya yi masa komai. Ya dawo ya roƙi a ba shi 8 ɗinsa. Hausawa sun riga sun faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma an gina wannan wasa ne ta yadda mutum ɗaya ba ya cin sa. Ko dai ƙungiya ta haye, ko ta nutse tare.

Jarumi daga gida

Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun ɗebo kayansu ne daga tarihin Turai da tatsuniyoyinta, don haka mayaƙin da ke cikin hotunan littafin yawanci sanye yake da sulken Turawa na zamanin da. Wannan ba laifi ba ne, kowa da kiɗan gidansu yake rawa. Amma dokokin ba su hana kowa kawo nasa ba, kuma wasu sun yi. Charles Saunders, baƙar fata haifaffen Amurka, ya wallafa labarin jarumi Imaro a 1981, a wata duniyar ƙage da aka gina a kan Afirka. A 2002 kamfanin Atlas Games ya fitar da Nyambe, littafin wasa mai irin wannan tushe.

Mu kuwa ba sai mun je aro ba. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano. Sarautun Madawaki, da Barde, da Jarmai, da Sarkin Baka, da Garkuwa, duk daga fagen fama suka samo asali. Muna da barade a kan dawaki, da dakaru a ƙasa, da 'yan baka, da zagage. Muna da takobi, da mashi, da asigiri, da kwari da baka. Idan yarinya ta ce ita ma mayaƙiya take so, ga Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda har yau ake jingina ganuwar garuruwa da sunanta. Kuma tun 1934 Muhammadu Bello Kagara ya nuna a Ganɗoki cewa Bahaushen jarumi yana iya fita daga yaƙin tarihi ya shiga duniyar aljanu, mai karatu kuma ya bi shi.

A nan akwai wani abin da zai sa ɗalibi ya buɗe littafin tarihi da kansa. A dokokin wasan, rigar yaƙi mai cushe da auduga ita ce mafi rauni, kariyarta 11 kawai. Amma lifidinmu, wanda ake cusa wa audugar rimi a lulluɓe doki da mahayi, an yi shi ne musamman don tare kibiya mai dafi, kuma yana tarewa. Rauninsa daban ne: nauyi, da zafi, da wuta. To, sai a ce wa ɗalibai, ku gyara dokar. Lamba nawa za ku ba lifidi a gaban kibiya? Me zai faru da mahayin idan aka harbo kibiyar wuta, ko dokinsa ya faɗi? Haka kuma yaron da ya raina ɗan baka, sai a tura shi ya karanta yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, inda maharba suka rinjayi dawakin Gobir. Zai dawo ya sa 15 ɗinsa a zafin nama. Daga ƙarshe kowa ya tsara wa gwarzonsa kirari da bakinsa, wanda kuwa aikin malamin Hausa ne ya duba.

Tambayoyi biyu

Na san akwai tambayoyi biyu a zukatan iyayenmu, kuma gara in taɓo su da kaina. Ta farko, shin wannan ba caca ba ce? A wasan ba a sa kuɗi, ba a cin kowa, ba ma wanda ke tashi a matsayin wanda ya yi nasara a kan ɗan'uwansa. Amfanin jifa ɗaya ne, kada mai jan labari ya yi son kai. Duk da haka malamanmu na addini suna da magana a kan wasa da ɗan lido, kuma hukunci nasu ne. Shawarata ita ce a kai musu tsarin su duba kafin a fara. Wasan bai dogara da ɗan lido ba: 'yan takardu 20 masu lamba a cikin hula suna ba da lissafi iri ɗaya.

Ta biyu, maganar sihiri. Ba mu ne farkon masu wannan damuwa ba, domin a shekarun 1980 iyaye da yawa a Amurka sun tayar da ƙura a kanta. Amsar ita ce, mai jan labari shi ke da iko da abin da zai shiga duniyarsa. Yana iya cire masu sihiri gaba ɗaya, ya bar mayaƙi, da maharbi, da mai magani, da falke, da maroƙi. Barden da muka ƙera yau ba shi da laya ko ɗaya a takardarsa, kuma ba abin da ya rage masa.

Alfarmar da nake nema

Ya 'yan'uwa, mu nan mun taso da ƙungiyar muhawara, da ta wasan kwaikwayo, da hira a ɗakin kwana bayan an kashe fitila, inda wani zai ja labarin fim ɗin da ya gani a hutu har barci ya kwashe mu. A nan da yawa daga cikinmu suka koyi tsayawa gaban jama'a. Yaran yau suna da wayar hannu, kuma a cikinta ma akwai wasannin yaƙi, amma jaruman da ke ciki wani ne ya ƙera musu, da harshen wani, kuma kowa shi kaɗai yake yi, kansa a sunkuye. Ba na zagin zamani. Ina cewa ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da bai taɓa ƙirƙiro mutum da kansa ba, bai taɓa auna hatsari ya ɗauki nauyin shawararsa ba, an rage masa wani abu da mu muka samu kyauta.

Abin da nake nema uku ne. Na farko, ƙungiya ta nemi izinin hukumar makaranta a buɗe kulob na gwaji na zango ɗaya, sau ɗaya a mako, a ƙarƙashin kulawar malamin lissafi da na Hausa da na tarihi. Na biyu, a samo mutum biyar ko shida daga cikinmu da za mu zauna mu mayar da ainihin dokokin zuwa Hausa. Wannan halal ne a doka, domin a watan Janairu na 2023 kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar fassarawa da bugawa muddin ya ambaci masu shi, kuma mayaƙi yana ciki. Na uku, a ware ɗan abin da zai sayi takarda da fensir da kuɗin buga kwafi. Ba a bukatar lantarki, ba a bukatar kwamfuta, ba a bukatar sabon gini. Ni na ɗauki nauyin horar da malaman da za su ja labari, kuma zan riƙa zuwa da kaina a makonnin farko.

Idan zango ya ƙare, malamai su kawo wa ƙungiya rahoto. In sun ga amfani a ci gaba, in ba su gani ba a tsaya, ba a yi asarar komai ba sai 'yan takardu. Wanda yake son shiga aikin fassara, ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ƙara haɗa kanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.